Maƙwabtanmu Masu Sujadar Lahadi

Ƙasar Gwandu ƙasar malamai ce, wannan ba ya buƙatar shaida. A garin Gwandu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya ƙarasa rayuwarsa yana riƙe da yammacin daula, can kuma hubbarensa yake, ana kai masa ziyara har gobe. Wannan ɗan gari mai tuddai da fadama shi ne uban gidan sarakunan Nufe da na Ilori a zamanin da. Yaron da aka haifa a nan yakan san allo da tawada tun bai san haruffan boko ba. Shi ya sa matasa da yawa ke mamaki idan aka ce musu Kiristoci sun daɗe a cikinmu, tun ba a yi mafarkin jihar Kebbi ba. Sun daɗe kuwa. A da ba su da yawa, kowa ya san su da suna da sana'a, kuma a cikin wannan ƙarancin nasu aka yi wani irin zaman tare wanda yau ya fara zama labari.

Daga cikin Nasaran farko da suka taka garin Gwandu akwai Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim. Ya iso a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, zamanin Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi. Halilu mutum ne da ya fi son keɓewa da ibada a kan zaman fada, bai kuwa yarda sun haɗa ido da baƙon ba. Duk da haka an ba shi masauki, kuma bayan an sha ja-in-ja a kan kyaututtukan da zai miƙa, an rubuta masa takardar izinin ratsa ƙasa. A nan Gwandu ne wani malami ya ara masa littafin Tarikh al-Sudan, ya zauna yana kwafar tarihin Songhai, har ya samu sararin yabon albasar garin. Abin da Halilu ya yi wa Barth shi ne kusan abin da ƙasar ta ci gaba da yi wa Kirista shekaru ɗari bayan haka: a addini kowa da nasa, ba a haɗa hanya, amma haƙƙin baƙo da na maƙwabci ba a taɓa shi.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, shugabansu Lugga ya yi alkawarin ba za a tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Saboda wannan alkawari, da kuma gudun tashin hankali, gwamnatin mulkin mallaka ta tsare 'yan mishan a bakin iyakar masarautu kusan shekara talatin. Ƙungiyar da ta fi naci a kan shiga ƙasar Hausa ita ce SIM, wadda samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka fara a 1893. Biyu daga cikinsu ba su shekara ba cuta ta kashe su. Salon aikinsu sun koyo shi ne daga wata ƙungiya da Hudson Taylor ya kafa a 1865 don shiga lardunan cikin ƙasar Sin: a bar bakin teku a nausa cikin ƙasa, a koyi harshen mutane, a zauna cikinsu. A can ma, a lardin Gansu inda Musulmi 'yan ƙabilar Hui suke da yawa, 'yan waccan ƙungiya sun shekara da shekaru suna wa'azi ba su samu mabiya ba sai 'yan tsiraru, abin da jama'a suka fi karɓa daga hannunsu shi ne maganin asibitin da suka gina a birnin Lanzhou. Haka labarin ya maimaita kansa a Lardin Sakkwato.

Ƙofar da ta buɗe wa 'yan mishan a nan ita ce cutar kuturta. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnati da hukumomin En'e suka miƙa wa SIM kula da zangunan masu wannan ciwo: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa kusa da Sakkwato. Wannan ya zo daidai da hawan Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954, ɗan boko mai son ci gaba, wanda babban asibitin Birnin Kebbi ke ɗauke da sunansa. Daga Amanawa aikin ya yi rassa, har ya kai Kalgo. Maganin farko allura ce ta man wani icce da ake kawowa daga Indiya, mai zafin gaske, kuma sai mutum ya shekara da shekaru ana yi masa. Wajen 1950 ƙwayar dafson ta maye gurbinta, aka fara ganin mutane suna warkewa suna komawa gida. A cikin wannan dogon zama na jinya ne wasu suka koyi karatun boko, littafin karatun kuwa shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932. Mafi yawa sun koma garuruwansu da Musuluncinsu, sai dai sun ƙaru da iya karatu da ɗaurin ciwo. Kaɗan suka karɓi baftisma, mafi yawansu waɗanda dangi suka riga suka yasar saboda ciwon. Da su da 'ya'yansu aka soma samun Kirista wanda Hausa ce harshen uwarsa a wannan yanki.

Mu da muka yi wayo a Kalgo cikin shekarun 1960 mun tarar da Kiristoci iri-iri. Akwai waɗannan 'yan ƙasa na unguwar mishan, manoma kamar kowa, masu tuwon dawa da miyar kuka. Akwai mutanen Zuru, Dakarkari, waɗanda wata mishan dabam, UMS, ta shiga ƙasarsu tun shekarun 1920. Su ne 'yan doka, tsofaffin soja, malaman firamare. Akwai malaman asibiti da na gona daga kudancin Zariya da Filato. Akwai Yarbawan Ogbomosho, teloli da masu hoto da matansu 'yan koli, rabi Musulmi rabi Kirista, a gida ɗaya, tukunya ɗaya. Sai 'yan ƙabilar Ibo masu kanti da kyamis da kayan keke, yawancinsu 'yan Katolika, waɗanda sai jifa-jifa fada ke zuwa musu cikin mota mai ƙura. Fadan nan kan kasance ɗaya daga cikin limaman Dominikan da suka zo daga Amurka, waɗanda da hannunsu aka kafa dayosis ɗin Sakkwato a 1964.

Kalgo mararraba ce. Hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega ta ratsa ta, ta Bunza da Kamba ta rabu daga nan, don haka baƙo ba abin kallo ba ne. Garin Gwandu kuwa dabam yake. Tun da Turawa suka mai da fadar sarki Birnin Kebbi, Gwandu ta zauna da malamanta da hubbarenta da gonakin albasa da rake. Kiristan da za ka gani a can ma'aikaci ne da aka turo: malamin makaranta, ɗan sanda, mai duba-gari. Ran Lahadi sukan taru a ɗakin ɗayansu su yi addu'a a hankali, ko su hau keke su nufi inda majami'a take. Gwaggona da ke aure a can takan ce malamin makarantar da ke haya a gidansu ya fi kowa sanin lokacin salla, domin da an yi kira yake kashe rediyonsa, in kuma azumi ya kama ba mai ƙara ganin hayaƙi a murhunsa da rana.

Wurin da Musulmi da Kirista suka fi haɗuwa shi ne ɗakin shan magani. Da sassafe za ka tarar da layi: Fulani da sandunansu, matan ƙauye da goyo, almajirai masu ƙaiƙayi, tsofaffi masu ciwon ido. Kowa ya riƙo kwalbarsa, domin maganin ruwa ake aunawa. Kafin a buɗe taga malamin asibiti zai fito da farar riga da ɗan littafi, ya yi gajeren wa'azi da addu'a. Jama'a su yi tsit, wasu na jan carbi a ƙarƙashin riga, in ya ce amin wasu su amsa don ladabi, wasu su kau da kai. Shi ya san ba wa'azin ya tara su ba, su ma sun san bai jahilci haka ba, kuma ba wanda ya taɓa tona wa wani asiri.

Na ga yadda ya yi da ƙanena wanda gyambo ya ci wa ƙwauri. Kakarmu ce ta kai shi, bayan an gaji da saƙe-saƙi.

“An kwana lahiya, Inna? Mi as samu abokina?”

“Gyambo na, Malam. Wanga yaro ba ya jin magana, kullum shina cikin ruwan fadama.”

Ya zaunar da shi a kan benci, ya ɗora ƙafar a kan gwiwarsa, ƙafar da mu 'yan gida muke toshe hanci in an kwance ta. Ya jiƙa tsumman da ruwan ɗumi har ya saki don kansa, ya wanke da ruwan magani mai launin shuni, ya bi da auduga a bakin almakashi yana cire ruɓaɓɓen nama, yana yi wa yaron tatsuniyar Gizo don ya manta da zafi. Da ya naɗe da bandeji ya ce a dawo jibi, kada ruwa ya taɓa. Kakarmu ta kwance bakin zane ta miƙa 'yan kwabbai, ya karɓi na kati ya mai da sauran. A hanyar gida ta yi ta sa masa albarka, ta ƙare da roƙon Allah ya shirye shi. Ita a wurinta wannan ita ce addu'a mafi tsada da za ta iya yi wa mutum. Da kaka ta yi kuwa, sai da ta aike mu gidansa da ƙwaryar sabuwar shinkafa da zabi biyu.

Majami'arsu ginin ƙasa ce mai rufin kwano, bencinta ma na ƙasa. Ƙararrawa kuwa tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshen icce, yaro ya buga shi da guntun ƙarfe. Maza a gefe ɗaya, mata a ɗaya gefen da ɗankwali, ba mai shiga da takalmin fariya. Komai da Hausa ake yi, karatu da wa'azi da waƙa, har Bayarabe da Badakkare su ma da Hausa suke rerawa daga Littafin Waƙoƙi. Abin da ya fi jan mu yara shi ne ranar matan zumunta. Sukan zo da anko, su zauna su rungumi tuluna, suna buga bakin tulu da tafin hannu ana kaɗa caki, wata ta ba da waƙa sauran su amsa, muryar tana tafiya har bakin kasuwa. An hana mu shiga, ba mu kuwa shiga, amma ba a hana mu hawa katanga ba. Ran da aka kawo majigi kuwa, aka kafa farin ƙyalle a fili aka haska hotunan labarin Annabi Yusufu, rabin garin ya hallara, dattawa na daga baya-baya suna gyara wa mai bayani inda suka ga ya saɓa da abin da ke cikin sura. Da dare, a gidajen da ke da rediyo, akan kamo tashar ELWA daga Laberiya, wadda ke watsa shirin Hausa, a saurara, a juya zuwa Kaduna in lokacin labarai ya yi.

Kirsimeti a bakinmu sallar Kirista ce, kuma muna da rabo a cikinta. Tun ana saura kwana biyu malamin makarantar da ke maƙwabtaka da mu zai yi sallama a zauren kawuna.

“Baba, in Allah ya kai mu jibi da sahe, ga ɗan bunsuru can na ɗaure.”

“To, Malam. Allah shi kai mu. Ka dai sa a wasa wuƙa, ta bara ba ta da kaihi.”

Kawu zai je bayan ya dawo masallaci, ya fuskantar da dabbar gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Malamin ya iya yanka sarai. Yana kiran kawu ne don kada maƙwabci ko ɗaya ya yi shakkar cin abin da za a aiko masa. Matarsa ma tana da tukunya da kwanonin da ta keɓe, waɗanda ba a taɓa dafa abin da Musulmi ba ya ci a cikinsu ba, kuma matan unguwa sun san da haka. Da hantsi 'ya'yanta za su fito da sababbin kaya, kwanonin samira a kai, shinkafa da miya ja da tsoka biyu a bisa, da cincin a ƙullin takarda. Su bi gida-gida, a juye, a wanke kwanon, a jefa kwabo ko ƙwai a ciki, don ba a mai da kwano wayam. In Babbar Salla ta zo sai abin ya juya: cinyar rago ta nufi gidan malam, 'ya'yansa su bi mu yawon salla da kallon hawa, su ma a ba su barka da salla. Uwayenmu ba su taɓa zama sun yi shawarar wannan ba. Haka suka ga ya dace, haka suka yi.

Sana'a ma ta ɗaure mu. Telan da ke ɗinka mana kayan salla Bayarabe ne mai zuwa coci, yakan kwana a kan keke daren jajibere da fitilar ƙwai don kada yaron wani ya yi kuka da safe. Mai kyamis yakan ba da bashi har kaka. Direban da ya fi kowa amana a hanyar Jega ran kasuwa Kirista ne, kuma shi da kansa yake tsayawa a bakin rijiya in la'asar ta yi, ya ce fasinja su sauka su yi salla. In aka yi mutuwa a unguwar mishan dattawanmu sukan je su zauna a kan tabarma su yi gaisuwa, ko da ba za su bi gawa ba. In a gidanmu ne, su ma su zo su tsaya daga gefe har a idar da sallar jana'iza, sa'an nan su bi sahu zuwa maƙabarta, wani lokaci ma su ne riƙe da magirbi.

Akwai wani mai bishara, tsoho mai furfura, da yakan zauna da wani malamin zaure a gindin durumi bayan la'asar. Shekara da shekaru suna muhawara ɗaya a kan Annabi Isa, wannan ya jawo aya, wancan ya buɗe Linjila, ba wanda ya gusa ko taki. In aka kira magariba malamin ya miƙe ya ce, “To, abokina, sai ka tuba,” shi kuma ya ce, “Ina nan ina yi maka addu'a, Malam,” su raba goro ɗaya biyu, kowa ya kama hanyarsa. Mu yara mun ɗauka wasa ne irin na Bafillace da Babarbare. Da muka girma muka fahimci kowannensu da gaske yake, tsoron wuta yake yi wa ɗan'uwansa.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman nan ba shi da ƙaya. Akwai iyakoki, kuma masu tsauri ne. Aure ba ya ƙetare su sai da hawaye. Ɗan Musulmin da ya bi mishan ya rasa gado da dangi, wani lokaci har da garin baki ɗaya, sai dai ya nufi Jos ko Kano ya fara sabuwar rayuwa. Iyaye da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu makarantar boko don tsoron kada a juya musu su, kuma wannan tsoro ya ja wa yankinmu baya a ilimi shekaru masu yawa. Kiristocin ma sun haɗiye abubuwa: neman filin majami'a ko na maƙabarta yakan ɗauki shekaru, a kotun alƙali ba su jin ƙafarsu ta taka ƙasa sosai, 'ya'yansu sun sha zolaya a makaranta, waɗanda iyayensu suka yi jinyar kuturta kuwa gorin ya zame musu biyu. A farkon shekarun 1960, lokacin da Sardauna ya ɗauki yawon musuluntarwa, da yawansu sun ji a jikinsu cewa ana ƙirga su. Wanda yake cikin masu rinjaye ba ya cika lura da irin wannan. Sai da muka manyanta abokanmu na yarinta suka riƙa ba mu labari.

Amma akwai abin da ya riƙe ragamar, shi ne kunya da sanin juna. Wanda ya wanke wa ɗanka gyambo ba ka iya ɗaga masa murya a kasuwa. In yara suka yi faɗa har aka ambaci addini, kafin rana ta faɗi mai unguwa ya kira iyaye, an ja kunnen mai laifi, magana ta mutu a zaure. Ba ta kwana balle ta yi tsawo. Jita-jita ba ta samun wurin zama, domin duk wanda aka ce ya yi kaza, akwai mutum goma da suka san shi tun yana rarrafe.

Jarrabawa mafi girma ta zo a 1966. Da rikici ya ɓarke a biranen Arewa, 'yan ƙabilar Ibo suka tattara suka nufi gida. Na tuna motar katako cike da katifu da akwatuna a bakin tasha, mata na kuka, namu da nasu. Mai kantin da ke kusa da mu ya kwana biyu a ɗakin baya na gidan wani Alhaji kafin a samu motar, ya bar masa mabuɗi. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970 ya dawo a rame, ba shi da ko sisi. Alhajin ya fito da mabuɗin da wani littafi da ɗansa ya riƙa rubuta abin da aka sayar, ya ƙirga masa kuɗinsa a gaban shaidu. Ba kowa ne ya dawo ba, ba kowa ne kuma ya tarar da irin wannan ba, amma an yi, kuma a gabanmu aka yi.

Daga nan zamani ya soma sauya fuska. Tun 1954 ikilisiyoyin da SIM ta kafa suka zama ECWA, ragama ta riƙa komawa hannun 'yan ƙasa. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan, Turawan suka ragu har suka ƙare. Aka yi jihar Sakkwato a 1976, aka yi ta Kebbi a 1991, ma'aikata suka kwararo Birnin Kebbi daga Zuru da Yawuri da ko'ina. A 2000 aka ƙaddamar da shari'a a jihar, kowane ɓangare ya ƙara jan zarensa. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin ke nan Kalgo, ga kuma babban asibiti, ɗalibai da ma'aikata daga kowace kusurwa ta Nijeriya suka cika garin. Yau Kiristocin yankin sun ninka na da sau da yawa, majami'unsu na bulo ne, da lasifika da janareta, kamar yadda masallatanmu ma suka yawaita suka ƙara murya.

Yawan ya zo da alherinsa. Kirista a yau yana da ƙungiya, yana da murya, ba ya rayuwa a ƙarƙashin alfarmar kowa, wannan kuwa haƙƙinsa ne. Abin da ya salwanta a hanya shi ne sanayya. Unguwanni sun fara rabuwa, makarantun kuɗi sun raba yara tun daga rabin aji, kowa da telansa da mai kyamis ɗinsa. Saurayi zai kai shekara ashirin bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, duk abin da ya sani game da su a waya ya gani ko a bakin mai wa'azin da bai taɓa zama da su ba. A wasu gidajen ma an fara mai da kwanon Kirsimeti yadda ya zo, a wasu kuma an daina aikowa don gudun a kunyata yaro a ƙofar gida. Abin da ya faru a Sakkwato a watan Mayun 2022, inda ɗalibai suka kashe 'yar'uwarsu ɗaliba a kan zargin ɓatanci, ya nuna inda rashin sanin juna da rashin dattijon da za a ji kunyarsa ke iya kai jama'a.

Mutanen wancan zamani ba su fi mu ilimin addini ba, ba su kuma fi mu sassauci a aƙida ba. Kakata ta rasu tana da yaƙinin cewa malamin asibiti a kan ɓata yake, shi ma haka ya ɗauke ta. Abin da suka fi mu shi ne sun bar ƙafa tana zuwa inda zuciya ke da saɓani. Sun san gidan juna, sun san sunan 'ya'yan juna, sun ci bashin juna sun biya. Ragowar wannan zuriya suna nan, sun tsufa, kuma har yanzu in aka yi rasuwa a ɗaya ɓangaren za ka ga ɗayansu ya sa jika ya ɗauke shi a babur ya kai shi gaisuwa. Jikan yakan tsaya a waje yana latsa waya har a fito. Ya kamata a riƙa ce masa ya kafe babur ɗin ya shigo, ya durƙusa ya gai da mutane, a faɗa masa wane ne wane, da abin da ya taɓa shiga tsakanin gidan nan da nasu. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafafun da suka san hanyar sun kusa gajiya.